Rufin Asiri a Zamanin Wayar Hannu: Ra'ayin Jama'a da Linzamin Manyan Kamfanonin Fasaha

Gabatarwa

A farkon watan Satumba na 2021 mutanen Jihar Zamfara suka wayi gari wayoyinsu sun yi tsit. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ce ta rubuta wa kamfanonin waya takarda ran 3 ga watan, bisa roƙon gwamnan wancan lokaci, Bello Matawalle, ta umarce su da su tsayar da aikin na'urorinsu a duk faɗin jihar har tsawon mako biyu. Dalilin da aka bayar shi ne a yanke hulɗa tsakanin 'yan bindigar da ke cikin daji da masu tsegunta musu labari daga cikin gari. Mako biyu ya wuce ba a buɗe ba. Gusau ta sami sauƙi a farkon Oktoba, amma Tsafe da Bunguɗu da sauran ƙananan hukumomi sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da sanarwar mayar musu da layukansu.

A cikin waɗannan watanni ɗan kasuwa ya kasa jin farashin kaya a wata kasuwa, masu sana'ar cire wa mutane kuɗi da na'ura suka rufe shagunansu, wasu kuma suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa jihohin maƙwabta don kawai su gaya wa 'yan'uwansu suna nan lafiya. Abu biyu suka fito fili. Na farko, waya ta riga ta shiga cikin abincin mutane da zumuncinsu, ta yadda rashinta wahala ne. Na biyu, labarin da ke yawo a cikinta yana iya ceton rai, yana kuma iya jawo asarar rai, gwargwadon hannun da ya faɗa.

Manufar wannan lacca ita ce a duba wanda ke riƙe da wannan labari, da wanda ya kamata ya sa masa linzami. Mutum ɗaya ba ya iya ja da kamfanin da ya fi gwamnatoci da yawa dukiya, don haka dole hukuma ta tsaya masa. Amma fa hukumar ita ma tana tara bayanan mutane, kuma ita ce mai ikon rufe layi da buɗe shi. Saboda haka linzamin ba zai amfani talaka ba sai ya kasance na doka, kuma jama'a sun san abin da ake yi da sunansu, suna da bakin magana a kai.

Asiri a Al'ada da Shari'a da Tsarin Mulki

Kiyaye sirrin mutum ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo. Duk wanda ya dubi ginin gidan Bahaushe zai ga an tsara shi ne bisa wannan manufa. Baƙo yakan tsaya a zaure, ya yi sallama, ya jira a amsa. Ba ya wucewa cikin gida sai mai gida ya yarda. Kazalika babbar addu'ar da mutum kan yi wa ɗan'uwansa ita ce Allah ya rufa asiri, watau kada bashinsa ko rashin lafiyarsa ko abin da ke cikin rumbunsa ya zama abin hira a bakin kasuwa. Addinin Musulunci ya ƙarfafa wannan, domin Suratul Hujurat ta hana bin diddigin laifin mutane, Suratun Nur kuma ta wajabta neman izini kafin a shiga gidan wani.

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya bi wannan sahu. Sashe na 37 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrinsa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Sashe na 39 ya ba shi 'yancin faɗar ra'ayi da karɓar labari. Sashe na 45 kuwa ya yarda a taƙaita waɗannan haƙƙoƙi saboda tsaro ko zaman lafiya, amma bisa sharaɗin a yi haka ta hanyar dokar da ta dace da ƙasa mai bin dimokuraɗiyya. Wannan sharaɗi shi ne ma'aunin da za a auna duk abin da zai biyo baya.

Sai dai lokacin da aka rubuta waɗannan sassa, layukan wayar da ke aiki a ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba. Wayar salula ta fara aiki ne a 2001. Masu rubuta tsarin mulki suna tunanin ma'aikacin gidan waya da zai buɗe wasiƙa ne, ko ɗan sandan da zai saurari magana. Ba su hango ranar da manomi a Bunguɗu zai riƙa kwana da na'urar da ke aika labarinsa zuwa wata nahiya ba.

Abin da Kamfanoni Ke Tarawa

Mai amfani da Facebook ko WhatsApp ko YouTube ba ya biyan kamfanin ko kwabo. Kuɗin data da yake saya na kamfanin waya ne. To, da me waɗannan kamfanoni suke cin riba? Amsa ita ce talla. Kamfanin Meta, wanda ya mallaki Facebook, ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014, ya sami kuɗin shiga da suka haura dala biliyan 160 a 2024, kuma kusan dukansu daga talla suka fito. Wannan adadi ya ninka kasafin kuɗin Gwamnatin Tarayya na wannan shekara sau da yawa.

Mai talla yana biyan kuɗi ne don a kai saƙonsa ga wanda ya fi yiwuwa ya saya. Domin haka sai kamfani ya san mutanensa ciki da bai: shekarunsu, garinsu, irin wayarsu, abokansu, abin da suke tsayawa su kalla da abin da suke wucewa, da lokacin da suke kwanciya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin abu ne, amma idan kwamfuta ta haɗa su wuri ɗaya, sai su ba da siffar mutum wadda ko maƙwabcinsa bai san ta ba.

A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ya yaɗu. Tun 2016 WhatsApp yake kulle saƙonni ta yadda mai aikawa da mai karɓa ne kaɗai ke iya karantawa, don haka kamfanin ba ya ganin abin da aka rubuta. Abin da yake gani shi ne abin da ke kewaye da saƙon: lambar mutum, lambobin da ke cikin wayarsa idan ya ba da izini, ƙungiyoyin da yake ciki, da lokutan da yake amfani da manhajar. Misalinsa kamar mai gadin da ba ya jin abin da ake faɗa a cikin ɗaki, amma yana rubuta sunan duk wanda ya shiga da lokacin da ya fita. Wanda ya riƙe irin wannan littafi shekara guda, ya san abubuwa da yawa game da mai gidan.

Kamfanoni sukan ce mutane sun amince, tun da sun danna alamar yarda. Amma sharuɗɗan da ake yarda da su dogayen takardu ne cikin harshen lauyoyi, waɗanda ko mai digiri ba ya zama ya karanta, balle wanda yaron shago ne ya buɗe masa asusun. Har ila yau, wanda duk abokan cinikinsa suke kan manhaja ɗaya ba shi da zaɓin ƙin ta. Yardar da aka karɓa daga wanda bai karanta ba, kuma ba shi da wata mafita, yarda ce mai rauni ƙwarai.

Inda Cutar Take

Wani zai ce shi ba shi da abin ɓoyewa. Misalai uku sun isa su nuna raunin wannan magana.

Na farko ya shafi mutunci. A shekarun baya manhajojin ba da rance sun yawaita a Nijeriya. Kafin su ba mutum bashi sai sun karɓi izinin shiga lambobin da ke cikin wayarsa. In ya yi jinkirin biya, sai su aika wa danginsa da abokan aikinsa saƙon cewa macuci ne. A watan Agusta na 2021 Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa ta ci wani kamfani mai suna Soko Lending tarar naira miliyan 10 a kan irin wannan hali, kuma a 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance a Nijeriya da wasu ƙasashe taɓa lambobi da hotunan masu karɓar bashi.

Na biyu ya shafi zaɓe. A 2018 aka gano cewa wani kamfanin Ingila mai suna Cambridge Analytica ya samu bayanan masu amfani da Facebook da yawansu ya kai miliyan 87 ba da saninsu ba, don amfanin yaƙin neman zaɓe. A wannan shekara kuma jaridun Ingila suka bayyana cewa an yi hayar kamfanin a zaɓen Nijeriya na 2015 domin ya ɓata takarar Muhammadu Buhari, har da yaɗa wani hoton bidiyo na tsoratar da masu jefa ƙuri'a. A da, ɗan siyasa yakan hau dandali ya yi magana kowa ya ji, abokin hamayyarsa ya ba shi amsa. Wanda ya mallaki bayanan mutane kuwa yana iya raɗa wa kowane rukuni abin da ke tsorata shi, ba tare da wani rukunin ya ji ba, balle ya ƙaryata.

Na uku ya shafi rai, kuma shi ne ya fi kusa da mutanen Zamfara. A ƙasar da ake sace mutane don kuɗin fansa, sanin cewa wane ya sayar da shanu, ko an biya shi kuɗin sallama, ko zai bi hanyar Tsafe zuwa Funtuwa gobe da safe, labari ne mai tsada. Irin wannan labari ba lalle ne ya fito daga babban kamfani ba. Yakan fito daga hoton da aka sa a Facebook, ko jerin sunayen da aka tura cikin ƙungiyar WhatsApp. Amma wannan ya nuna cewa a irin wannan wuri rufin asiri wani ɓangare ne na tsaro.

Hanyoyi Biyu na Sa Linzami

Ƙasashen duniya sun bambanta wajen tunkarar waɗannan kamfanoni. Tarayyar Turai ta kafa doka mai ƙarfi da ta fara aiki ran 25 ga Mayu 2018, wadda ta ba da ikon cin tarar da za ta kai kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a duk duniya. A ƙarƙashinta ne aka ci Meta tarar yuro biliyan 1.2 a 2023. Amurka, mahaifar kamfanonin, ta fi dogara ga dokokin jihohi da hukumar kula da ciniki, wadda ta ci Facebook tarar dala biliyan 5 a 2019 bayan abin kunyar Cambridge Analytica. Nijeriya kuwa ta gwada hanyoyi biyu, kuma kwatanta su yana da amfani.

Hanya ta farko ita ce ta umarni. Ran 4 ga Yuni 2021, kwana biyu bayan Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari, Ministan Watsa Labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da kamfanin a Nijeriya. Ba a kai maganar Majalisa ba, ba a kuma nemi hukuncin kotu ba. Dakatarwar ta kai har 13 ga Janairu 2022. A watan Yuli na wannan shekara Kotun Ƙungiyar Ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukuncin cewa matakin ya saɓa wa doka, ya kuma tauye 'yancin faɗar ra'ayi. Waɗanda suka fi jin jiki su ne 'yan ƙasa masu ciniki da neman labari ta wannan hanya.

Hanya ta biyu ita ce ta doka. A watan Janairu na 2021 WhatsApp ya fito da sababbin sharuɗɗa game da musayar bayanai da Facebook, ya ce wanda bai yarda ba zai rasa asusunsa. Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta buɗe bincike, ta yi wata 38 tana yi, ta ba kamfanin damar kare kansa. Ran 19 ga Yuli 2024 ta ci Meta tarar dala miliyan 220. Daga cikin laifuffukan da ta lissafa akwai hana 'yan Nijeriya iko a kan bayanansu, da musayar bayanan ba da izini ba, da ba su kariyar da ba ta kai wadda ake ba mutanen wasu ƙasashe ba. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, amma ran 25 ga Afrilu 2025 kotun musamman mai sauraron irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da tarar.

A tsakanin haka, a watan Yuni na 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai. Dokar ta ba ɗan ƙasa ikon ya tambayi abin da aka ajiye game da shi, ya sa a gyara kuskure, ya janye yardarsa, ya nemi a goge bayanansa, ya kuma kai ƙara gaban hukumar. Ta wajabta wa mai riƙe da bayanai ya sanar da hukumar cikin sa'a 72 idan an yi masa kutsen da zai iya cutar da mutane. Ga manyan masu tara bayanai, tara tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na cinikin shekara, duk wanda ya fi yawa. A watan Fabrairu na 2025 wannan hukuma ita ma ta ci Meta tarar dala miliyan 32.8, aka je kotu, daga bisani ɓangarorin biyu suka sasanta kafin shekarar ta ƙare.

Kada a ɗauka hanya ta biyu ta warware komai. Dala miliyan 220 kusan cinikin rabin yini ne ga Meta. Bugu da ƙari, a cikin takardun da ya gabatar wa kotu a 2025, kamfanin ya yi gargaɗin cewa yana iya rufe Facebook da Instagram a Nijeriya. Wanda ya ɗanɗana abin da ya faru a Zamfara a 2021 ya san nauyin irin wannan gargaɗi. Duk da haka bambancin hanyoyin biyu a fili yake: a ɗaya an san laifin, an san dokar, an ji ta bakin wanda ake tuhuma, alƙali ya duba, a ɗayar kuwa sanarwa kawai aka ji a rediyo.

Mai Tsaron Ma Yana Bukatar Ido

Babu kamfanin da ya tara muhimman bayanan 'yan Nijeriya kamar hukumomin gwamnati. Hukumar zaɓe tana da hoton fuska da na yatsun masu jefa ƙuri'a. Tsarin lambar shaidar banki, wanda Babban Banki ya ƙaddamar a 2014, ya haɗa asusun mutum duka a ƙarƙashin lamba ɗaya. A watan Disamba na 2020 Ministan Sadarwa, Isa Ali Pantami, ya ba da umarnin a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda aka fi sani da NIN, kuma a watan Afrilu na 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira saboda ba a haɗa su ba.

Babbar hujjar wannan aiki ita ce tsaro: duk wanda ya kira don neman kuɗin fansa za a san shi. Jama'a suka yi dogayen layuka a rana, suka ba da yatsunsu da fuskokinsu bisa wannan alkawari. Amma masu garkuwa da mutane sun ci gaba da kiran iyalan waɗanda suka sace, har a watan Janairu na 2024 shi kansa tsohon ministan ya koka cewa hukumomin tsaro ba su amfani da bayanan yadda ya kamata. A cikin wannan shekara kuma 'yan jarida da ƙungiyar Paradigm Initiative suka bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan shaidar 'yan ƙasa a kan kuɗi kaɗan, wani har naira 100.

Har ila yau, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sassauta wa hukumomin tsaro da na binciken laifuffuka da yawa daga cikin sharuɗɗanta. Akwai hikima a cikin haka, domin ba a neman izinin ɓarawo kafin a bi sawunsa. Amma wannan ƙofa ce da ke bukatar mai gadi, domin na'urar da ke bin sawun ɗan fashi ita ce ke bin sawun ɗan jarida da ɗan adawa.

Matsayin Ra'ayin Jama'a

Lokacin da aka rufe layukan Zamfara mutane da yawa sun yi na'am, kuma ba za a ga laifinsu ba. A watan Fabrairu na wannan shekara aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a farkon Satumba kuma aka sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. Mutumin da ke cikin tsoro yakan ba da duk abin da aka nema. Sai dai ra'ayin da tsoro ya haifa ba ya tambaya, tambaya kuwa ita ce aikin jama'a a mulkin dimokuraɗiyya: wace doka ce ta ba da wannan iko, har zuwa yaushe, wa zai auna ko an ci nasara, kuma wa zai ɗauki asarar wanda aka kai wa hari bai sami hanyar kiran taimako ba?

Tarihi ya nuna cewa idan jama'a suka yi magana da sani, Majalisa tana ji. A 2015 Sanata Bala Ibn Na'Allah ya gabatar da ƙudurin da zai hukunta wasu maganganu a kafofin sada zumunta. Suka ta yi yawa, aka yi watsi da shi a 2016. A 2019 Sanata Mohammed Sani Musa ya kawo wani makamancinsa, wanda zai ba hukuma ikon sa a toshe intanet. A zaman jin ra'ayin jama'a na watan Maris 2020 mafi yawan masu jawabi suka ƙi shi, bai kuma zama doka ba. Abin lura shi ne, duka biyun sun shafi 'yancin magana ne, wanda kowa ke jin zafinsa nan take. Tonon asiri kuwa ba ya ciwo sai bayan an yi shi, shi ya sa ba a cika jin jama'a suna tada murya a kansa ba.

Akwai kuma wata matsala. A da ra'ayin jama'a yana nuna ne a majalisar ƙofar gida, da teburin mai shayi, da gindin rediyo, da shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Yau babban rabonsa yana nuna ne a kan dandalin kamfanonin da ake son a sa wa linzami, kuma na'urarsu ce ke zaɓar abin da kowa zai fara gani. Saboda haka bai kamata al'umma ta bar tsofaffin majalisunta su mutu ba. Gidajen rediyo masu magana da Hausa, da makarantu, da masallatai, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, su ne wuraren da za a iya tattauna wannan batu ba tare da na'urar wani ta tace shi ba.

Hanyar kai kuka kuwa sananniya ce. Tsarin mulki ya sa harkar waya da sadarwa cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Maru sanata ɗaya gare su, na Zamfara ta Tsakiya. Gusau da Tsafe suna da wakili ɗaya a Majalisar Wakilai, Bunguɗu da Maru suna da ɗaya. Waɗannan mutum uku suna da ƙuri'a a kan kasafin Hukumar Kare Bayanai da duk gyaran da za a yi wa dokarta. Ɗan majalisa kuwa ba ya ɓata lokacinsa a kan abin da masu zaɓensa ba su taɓa tambayarsa ba.

Nauyin da Ke Kan Ma'aikata da Ɗalibai

Ma'aikacin gwamnati ya sani cewa Dokar Kare Bayanai ba Meta da Google kaɗai ta hau kansu ba. Ta hau kan ma'aikatu da asibitoci da makarantu. Akawun da ke riƙe da takardar albashi, da malamar asibitin da ke riƙe da katin marasa lafiya, da jami'in da ke rubuta sunayen 'yan gudun hijira ko masu karɓar tallafi, duk masu riƙon amanar asirin mutane ne. Alal misali, idan jami'i ya ɗauki hoton jerin masu karɓar kuɗi, da lambobin wayarsu da ƙauyukansu, ya tura cikin ƙungiyar WhatsApp ta mutum ɗari biyu don sauƙin aiki, to, ya saki abin da ba zai iya kamowa ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kada a karɓi bayanin da aikin bai bukata ba, kada a nuna shi ga wanda aikin bai shafa ba, kada kuma a ajiye shi bayan aikin ya ƙare.

Ɗalibai kuwa, na Jami'ar Tarayya ta Gusau da sauran manyan makarantu, su ne ke buɗe wa iyayensu asusu, su ne ke danna musu alamar yarda. Wanda ya yi wannan ya zama wakilin gidansu a gaban kamfanin da ke wata nahiya. Wajibi ne ya duba izinin da manhaja ke nema kafin ya ba ta, ya bayyana wa mai wayar cikin Hausa abin da aka karɓa daga gare shi, ya kuma san cewa akwai hukumar da ake kai wa ƙara. Masu nazarin shari'a da harshe da kwamfuta suna da aiki na musamman, watau fassara haƙƙoƙin da dokar ta bayar zuwa harshen da mutanen karkara ke ji, domin haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, ba ya hana a cuce shi.

Kammalawa

An ga cewa kamfanonin fasaha suna cin riba ne da sanin mutane, kuma mutum ɗaya ba shi da ƙarfin yin ciniki da su. An ga cewa hukuma tana iya tsaya masa, kamar yadda shari'ar Meta ta nuna, tana kuma iya wuce gona da iri, kamar yadda kotu ta samu a dakatar da Twitter. An kuma ga cewa bayanan da hukuma ta tara da sunan tsaro suna iya zubewa a kasuwa. Abin da ke raba linzami mai amfani da mai cutarwa shi ne sharaɗin nan na Sashe na 45, watau doka a bayyane, kotu a buɗe, da jama'ar da ke bin sawu.

Mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu sun ga ranar da aka kashe musu waya ba tare da an tambaye su ba, sun kuma ga abin da tsegumi ke jawowa. Saboda haka suna da hujjar da ta fi ta kowa ta neman a yi musu bayani: wa ke riƙe da bayanansu, me ake yi da su, kuma wa za a kama idan suka zube. Lokacin yin waɗannan tambayoyi shi ne lokacin da layi yake buɗe, ɗan takara kuma yana tsaye a zaure yana neman ƙuri'a.